Zoɓo a madadin takardar litmos: inda aka kwana a mako na huɗu

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai, musamman mu da muke faman koyon haɗa kayan gwaji da abin da ke hannu. Na yi alkawarin zan riƙa kawo muku labarin aikin zoɓon nan, to ga shi.

Ga wanda bai ji farkon zancen ba, aji biyar nake riƙe da shi a firamare, kuma mun iso darasin asid da alkali, wato abubuwa masu tsami da masu kashe tsami irin su kanwa. Littafi ya ce a tsoma takardar litmos a ga ta sauya launi. Mu kuwa ba mu da ita. Shekarun baya kofi biyu nake zanawa a allo, in rubuta ja a ƙarƙashin ɗaya, shuɗi a ƙarƙashin ɗayan, yara su haddace, ranar jarrabawa rabinsu su juya su. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Bana na ce sai sun gani da idonsu.

Makon farko a gida na yi shi, kuma bai yi ba. Na dafa zoɓon da kauri kamar na sha, na zuba ruwan kanwa, sai kawai ya ƙara duhu, ba ka iya cewa ga launin da ya koma. Na matsa lemon tsami a wani kofin, shi ma shiru. Sai daga baya na gane dalili biyu. Zoɓo shi kansa mai tsami ne, wato asid ne, don haka ƙara masa lemo ba ya nuna wani abin kirki. Sannan in ya yi kauri haske ba ya ratsa shi. Maganin duka biyun shi ne a sirka sosai. Awon da na tsaya a kai: cikin tafin hannu ɗaya na busasshen zoɓo a kofi biyu na ruwan zafi, a bar shi minti 10, a tace da tsumma mai tsabta. Daga nan cokali ɗaya kacal ake ɗiba a zuba a rabin kofin ruwa, har ya zama ruwan hoda mai haske. Ban da sukari, ban da citta, ban da kanumfari.

Abin da ke yin aikin wani sinadari ne mai ba zoɓo launinsa, ana kiransa antosayanin. Yana yin ja a cikin abu mai tsami, in ya haɗu da alkali ya juya ya yi kore ko shuɗi-shuɗi. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1664 masanin kimiyyar nan Robat Boyil ya rubuta yadda ruwan fure ke sauya launi haka. Mu kuma Allah ya hore mana zoɓo, har daga kasuwar Maigatari ta Jigawa ake lodinsa zuwa Meziko.

Mako na biyu na kai shi aji. Na yanke gindin robobin ruwa marasa launi suka zama kofuna, na raba yara rukuni takwas, kowane rukuni kofi huɗu na sirkakken zoɓon. Ɗaya na lemon tsami, ɗaya na jiƙaƙƙiyar tsamiya, ɗaya na ruwan kanwa, na huɗun kuma ba a taɓa shi. Ku riƙe wannan na huɗun da kyau, don shi ne ma'auni. In babu shi, yara za su yi ta gardama ko launin ya sauya ko dama haka yake. A ɗora kofunan a kan farar takarda kusa da taga.

Da ɗigon kanwa ya sauka kofin ya juye ya yi kore, ajin ya kaure da ihu har malamin aji shida ya leƙo. Wani yaro ya ce siddabaru ne. Na ce to ya zo ya yi siddabarun da hannunsa. Na ba shi lemo ya matsa a cikin koren, sai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa, launin ya dawo ja. Kumfar nan iskar kabon dayoksaid ce da ke fita idan asid ya haɗu da kanwa, amma ban cika su da sunan ba a ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata yarinya ce da ba ta cika magana ba, tana zama can layin baya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe shi ya sa Innarmu take sa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsamin." Wallahi na yi shiru na ɗan lokaci. Abin da littafi ya kashe shafi guda yana bayani da Turanci, ta faɗe shi a jimla ɗaya, kuma daidai. Na sa ta maimaita a gaban aji. Daga nan hannuwa suka tashi: mai cewa kunun kanwa da kunun tsamiya, mai cewa kakarsa da ruwan toka take miya in babu kanwa. Muka rubuta su duka a allo, masu tsami gefe guda, masu kashe tsami gefe guda.

Mako na uku na gwada yin takardar gwaji. Na tsoma farar takardar rubutu a zoɓo mai kauri na shanya a inuwa, da ta bushe sai ta fito shunayya maimakon ja. Na ɗauka ta lalace, ashe yawancin takardun yanzu akwai sinadarin alli a jikinsu, shi kuma alkali ne. Haka nan muka yi amfani da ita, don da an ɗiga mata lemo take yin ruwan hoda. Kada dai a shanya a rana, launin kan koɗe.

Maganar tsaro kuwa ba na sassauta ta. Ba a ɗanɗana komai, ko da zoɓon ne, don an saba ganinsa abin sha. Wani yaro ya ce zai kawo ruwan batirin mota, wata ta ce sodar haɗa sabulu. Na hana, na kuma faɗa musu dalili: duka biyun suna ƙona fata, suna iya makantar da mutum.

Abin da ya rage mini yanzu ajiya ce. Ruwan zoɓon ba ya kwana uku a zafin nan sai ya fara bugawa, dole duk ranar darasi in jiƙa sabo da asuba. Mako mai zuwa kowane rukuni zai kawo abu ɗaya daga gida, ruwan rijiya, ruwan sabulun wanki, nono ko tokar murhu, kuma sai sun rubuta launin da suke zato a littafinsu kafin a zuba. Wanda ya gwada da furen wata shukar daban a cikinku, don Allah ya gaya mini yadda ta kaya.