Ranar da na'ura ta kusa tura wani mai gadi kotun Faransa

Shagona yana unguwar Yelwa a Garwa: ɗaki ɗaya, kwamfuta biyu, injin fotokofi, da bencin masu jira a bakin ƙofa. Shekara 14 ke nan ina rubuta wa mutane takardu, daga neman aiki da ƙorafi har yarjejeniyar haya da dosiyen yaran da za su shiga konkur, wato jarrabawar gasar shiga aiki ko makaranta. Mutum ya zo ya zayyana mini damuwarsa da Hausa ko Fillanci, ni kuma in juya ta zuwa Faransancin ofis. Da wannan na yi aure, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara.

Kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da rubuta takarda, a ƙarshen Nuwamban 2022, amma sai da aka kusa shekara labarin ya iso bencina, ta hannun wani malamin makaranta da ya nuna mini a wayarsa. A 2024 kuma wata irinta, Meta AI, ta shigo cikin WhatsApp a nan Kamaru. Daga nan duk yaron da ke da waya da ɗan kuɗin intanet ya samu magatakarda a aljihunsa.

Ba zan ɓoye ba, watannin farko na ji daɗi ƙwarai. Wasiƙar da kan ci mini minti 40 ta koma ta minti 10. Akwai wata ƙungiyar manoman auduga da ke kawo mini rahoton taronsu, shafi shida na rubutun hannu, magana ta hau kan magana, bashin taki ya cakuɗe da batun awo. Da, yini guda nake yi a kai. Yanzu in na buga shi yadda yake, na'urar ta jera mini shi batu-batu kafin shayina ya huce. Wani ɗan kasuwar albasa ma ta haɗa mana lissafinsa a manhajar lissafi ta Excel, abin da na daɗe ina tsoron taɓawa.

Sai dai ruwan da ya ba ni sauƙi shi ne ya cinye mini gefen gona. Ɗalibai suka daina zuwa a rubuta musu takardar neman aiki a kan sefa 500. Suna zuwa da ita a waya, in fitar musu a takarda a kan sefa 100. A lokacin ina da yara biyu a shago, ɗiyar yayata da wani saurayi mai saurin hannu a kan kwamfuta. Da na zauna na yi lissafi, na ga aikin bugu ba zai iya biyan mutum biyu ba. Na kira saurayin bayan sallar la'asar na gaya masa. Bai yi gardama ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai, Malam, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Yanzu haya yake yi da babur. Duk ranar da ya wuce ta ƙofar shago ya ɗaga mini hannu, sai in ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40. Na tafi suna da safe na bar yarinyar ita kaɗai. Da na dawo na tarar da wani dattijo a kan benci, hularsa a gwiwa, yana kwance bakin leda zai biya kuɗi. Mai gadi ne. Shekara tara yana kwana a ƙofar wani wurin ajiyar kaya, aka sallame shi da baki, ba takarda, ba ko sisi.

Yarinyar ta miƙo mini wasiƙar fuskarta cike da murna. "Kawu, duba, minti biyar kacal."

Faransancin kam ba inda za ka sa jan biro. Amma a saman takardar an rubuta cewa za ta je wa conseil de prud'hommes, a ciki kuma an jera sassan doka masu farawa da harafin L da lambobi huɗu. Wannan kotun ma'aikata ce ta ƙasar Faransa, dokar ma tasu ce. A Kamaru ba mu da ita. Tamu dokar ƙwadago ita ce mai lamba 92/007 ta 14 ga Agustan 1992, kuma a ƙarƙashinta ma'aikaci ba ya zarcewa kotu. Sai ya fara kai kukansa wurin sufeton ƙwadago a gwada sulhu. In sulhun ya ci tura, a ba shi takardar shaidar hakan, da ita zai shiga kotu.

Na ce wa dattijon, "Baba, mayar da kuɗinka tukuna, mu sake zama."

Na tambaye shi nawa ake biyansa a wata, ya faɗi abin da bai kai sefa 60,000 ba, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanke a 2023 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba. Na tambaye shi ko an yi masa rajista a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, ya ce bai taɓa ganin wata lamba ba. Ko yana da takardar biyan albashi ko guda? Ya laluba aljihun babbar riga ya ciro guda uku, sun yi laushi saboda gumi. Waɗannan takardu uku su ne ƙashin bayan ƙararsa, kuma wasiƙar farko ko ambatonsu ba ta yi ba, domin babu wanda ya tambaye shi.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira sun koyi magana ne daga tarin rubutun da aka ɗura musu, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Galibin abin da aka rubuta da Faransanci kan korar ma'aikaci daga Faransa ya fito, don haka in ba ka ce mata Kamaru ba, can za ta nufa. Ko ka gaya mata ma, ba ka tsira ba. A ranar na sake gwadawa na ce dokar Kamaru nake so, ta kawo mini lambobin sashe da cikakkiyar gadara. Na ɗauko tsohon kwafin dokar da ke cikin durowa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tarar guda ba ta da alaƙa da sallama ko kaɗan.

A daren nan ban ga laifin yarinyar ba, nawa na gani. Ni na koyi wannan sana'a ne da ƙananan wasiƙu. Maigidana na farko yakan sa ni in sake takarda sau uku saboda na manta in bi da ita ta hannun shugaban da ke tsakiya, ko na kira mai muƙami da muƙamin da ba nasa ba. A cikin wannan maimaici na san wane ofis ke karɓar me, wace takarda ke son tambur na sefa 1,500, wace ce dole mai ita ya kwafe da hannunsa. To waɗannan ƙananan wasiƙun su ne na'ura ta fara ɗaukewa. Na bar yarinya tana duba aikin da ba ta taɓa yi da kanta ba. Ta yaya za ta gane kuskure a hanyar da ba ta taɓa takawa ba? Wannan ne ya fi damuna game da ofisoshinmu gaba ɗaya, ya fi mini batun rage ma'aikata ciwo. Mu da muka koya kafin zuwan na'ura muna iya kama ta. Na bayanmu fa, a ina za su koya?

Tun daga ranar na sauya tsarin shago. Kowace safiya tana rubuta wasiƙa biyu da kanta, in bi da jan biro, sannan ta buɗe manhajar ta gwada nata da na na'ura. Wani lokaci na'urar ta fi ta, wani lokaci ita ta fi. Ba ma sa sunan mutum ko lambar katin ɗan ƙasarsa a ciki, domin sirrin mutane amana ne, kuma abin da ka tura ya bar hannunka. Duk lambar doka sai an gan ta a littafi. Kafin kowa ya sa hannu, sai an karanta masa takardar da harshen da ya zo da shi, jimla bayan jimla. Wannan ya mayar da minti 10 zuwa 25, na kuma yarda da asarar.

Dattijon ya kai takardarsa ofishin sufeton, aka kira tsohon maigidansa, aka yi zama biyu. Bai samu duk abin da muka lissafa ba, amma ya samu abin da ya sayi buhun masara ya biya bashin haya. Ya dawo da goro a leda ya ajiye a kan teburin yarinyar.

Shekaranjiya wata mata ta zo a rubuta mata yarjejeniyar hayar shago. Ina can ina fama da takardar da ta maƙale a injin fotokofi, sai na ji yarinyar ta ture kwamfutar gefe ta jawo kujera kusa da ita. "Inna, kafin mu rubuta komai, shagon nan na mijinki ne ko na gado ne? Su wa ke da haƙƙi a ciki?"

Matar ta yi shiru, sannan ta fara ƙirga 'yan'uwan mijinta da yatsu.