Daga dakon tumatir a Mile 12 zuwa gaban kyamara

A unguwar Agege da ke Legas aka haife ni. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi Ikko daga Kano, kamar yawancin Hausawan da suka fara zama a unguwar, mahaifina kuma ya gaji rumfarsa. Gidanmu na haya ne, ɗakuna jere suna kallon juna, ga Hausawa ga Yarabawa ga Ibo, rijiya ɗaya, madafa ɗaya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida kunnensa a buɗe yake. Tun ban shiga firamare ba nake jin Yarbanci, kuma na san yadda kowace maƙwabciya take kiran ɗanta idan ranta ya ɓaci.

Tashe ne makarantata ta farko. Da azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa, sai mu fita gida-gida, ni da gemun auduga da sanda, na ranƙwafa kamar tsoho. Wata rana na kwaikwayi tafiyar wani gurgu da ke layinmu, Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, kwaikwayi halin mutum, ka bar abin da Allah ya ɗora masa." Har yau a kan wannan nake auna duk wasan barkwancin da zan yi.

Da na gama sakandare babu kuɗin ci gaba, sai na shiga dako a kasuwar Mile 12. Tun kafin asuba tireloli ke isowa daga Arewa da tumatir da tattasai da albasa, mu sauke kwanduna har wuya ya ƙage. A nan na ga gwanayen wasa na gaskiya. Dillali zai rantse ba ya rage ko kwabo, ya juya baya yana gyara hula, amma wutsiyar idonsa na kan 'yar sari. Ita kuma ta ɗaura ɗankwali ta kama hanya, tana tafiya a hankali don ta san za a kira ta. Sai ta kusa ɓacewa ya ce, "Iya, dawo mana!" Wannan ɗan shirun da ke tsakani shi ne sana'ata gaba ɗaya. Maganar ban dariya idan ta riga lokacinta fita, ta lalace.

Daga baya na yi acaba, Ikeja ce hanyar abincina, har ranar 1 ga Yuni, 2022 da gwamnatin jiha ta hana babura a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Na sayar da babur, na sayi waya mai kyau da ƙaramar makirfo, muka fara ɗaukar gajerun wasanni ni da abokaina muna sakawa a Facebook da TikTok. Mun gano mutane kan haƙura da hoto mai duhu, amma ba sa haƙura da sauti marar kyau, shi ya sa muke ɗauka da sassafe kafin maƙwabta su tada janareta. Kuɗin cefane kuwa daga gabatar da taron biki da tallar shaguna yake fitowa, yawan masu kallo kawai ƙofa yake buɗewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasu masu shirya finafinai a nan Legas suke kallon Bahaushe. An kira ni aiki, aka miƙo mini takarda: maigadi ne, wawa, mai karya Turanci, kowa ya zage shi ya wuce. Na ce musu na gode, na fito, duk da a ranar ina bukatar kuɗin. Ƙanin mahaifina gadi ya yi a Ikoyi har ya tsufa, yana jin harsuna uku, kuma da wannan aikin ya aurar da 'ya'yansa. Ba zan sa a yi masa dariyar raini ba.

Sai na ƙirƙiri nawa maigadin, wanda ya san sirrin kowa a gidan, shi ke sasanta maigida da uwargida, shi direba ke neman rance a wurinsa. Yanzu masu gadi daga Obalende da Lekki suke turo mini saƙon murya, kowa da labarin gidan da yake aiki. Nakan sauya sunaye da unguwa kafin in yi amfani da su, don kada wani ya rasa aikinsa ta dalilina. Bayan Sallah za mu ɗauki kashi na gaba, rabi da Hausa rabi da Yarbanci.