Abin da na gani a kwamitin ɗaukar ma'aikata a Kumasi

Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wata hukumar gwamnati a Kumasi. Ranar da aka sa ni cikin kwamitin ɗaukar sababbin ma'aikata, labari ya riga ni isa unguwar Aboabo. Bayan la'asar sai ga kawuna da takardun ɗan maƙwabcinsa cikin ambulan. "'Yata, kowa da furotokol ɗinsa, wato nasa mutumin da yake cusawa ta bayan fage. Mu 'yan Zango sai yaushe?" Ban ga laifinsa ba, yaranmu da yawa sun gama bautar ƙasa suna zaman jira. Na ce, "Kawu, ya shigar ta inda kowa ke shigarwa. Nawa shi ne in hana a ture shi saboda sunansa."

Doka tana bayana. Sashe na 17 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana wariya saboda jinsi, ƙabila ko addini, sashe na 35 kuma ya ɗora wa gwamnati kula da daidaiton yankuna da na maza da mata wajen ɗaukar aiki. Amma na lura yawancin wariyar tana ƙarewa tun ba a shiga ɗakin intabiyu ba. A liƙa sanarwa a allon ofis kawai, a ba da wa'adi gajere, wa zai ji in ba mai uwa a gindin murhu ba?

A ɗakin ma akwai nata. Wata mai hijabi ta amsa tambayoyin lissafin kuɗi tsaf, sai wani abokin aikina ya kalli zoben hannunta ya tambaye ta yaushe take shirin haihuwa. Na ce, "Yallaɓai, wannan ba ta cikin takardarmu." Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai jego hutun aƙalla mako 12, haƙƙinta ne, ba abin rage mata maki ba. Maza kuwa ba wanda ya tambaye su iyali.

Sai wani saurayi mai sanduna biyu, ga ɗakin a bene, ba lif. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara, wa'adin ya wuce tun 2016, matakalarmu na nan yadda take. Masinja ya ce zai goya shi. Muka ƙi, muka kwashi fayil-fayil muka sauko ƙasa.

Abin da ya fi yi mini amfani ƙarami ne: tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kuma kowa ya rubuta makinsa da biro ya sa hannu kafin shugaban kwamiti ya buɗe baki. In ya riga magana, kowa binsa yake yi. In wani ya kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, takardun nan za a nema.

Yanzu ga dokar daidaiton jinsi ta 2024, mai neman mata su kai kashi 30 cikin 100 a muƙaman gwamnati zuwa 2026. Matan da suka nema a wurinmu ba su da yawa, shi ya sa na rubuta wa shugaba cewa sanarwa ta gaba ta bi ta rediyo, masallatai da coci-coci.