Galan 40 a Hamadar Arizona

Tun ba mu bar Phoenix, birnin da ke jihar Arizona ta Amurka, ba muka fara gardama da Yaya, kuma a kan ruwa ne. Ni na ce mu cika tankin ruwan tirela a gida, tunda ga famfo ga tiyo, ba mai ƙirga mana. Shi kuwa ya ce sam.

"Ka san nauyin abin da kake cewa mu ja?" in ji shi. "Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin nan galan 40 yake ci, lita 150 ke nan da ɗoriya. Mu ɗora wa mota kilo 150 mu ja shi kilomita 200, alhali akwai ruwa a bakin inda za mu?"

Na ce to idan muka je muka tarar babu fa? Ya ce akwai. Tirelar tasa ce, shi ya saba da hanyar, sai na yi shiru. Amma sai da na cika jarka ɗaya na tura bayan a-kori-kura, ɗansa yana taya ni kamawa.

Abin da nake kira tirela ɗaki ne mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota. A ciki akwai gadaje, da wurin girki, da ɗan ban-ɗaki mai shawa. A ƙarƙashinsa tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. A sansanonin da ake biyan kuɗi, kowace tirela tana da famfonta da soket ɗinta da bututun zubar da ƙazanta, mutum ya jona ya manta. Mu kuwa fili za mu, inda babu ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da ka shiga da shi, shi ne naka.

Muka bi babbar hanya ta 10 muka yi yamma. Watan Janairu ne, rana tana haske amma iska da sanyi. Tun daga nesa ake hango fararen tireloli a warwatse cikin hamada kamar an watsa gishiri a faranti, alamar an iso Quartzsite. Ƙaramin gari ne a mahaɗar hanya ta 10 da ta 95. Da zafi mutane kaɗan ne, da hunturu kuwa mutane suna kwararowa daga jihohin arewa da Kanada gudun ƙanƙara, ga kuma kasuwannin duwatsu masu daraja da ake ci a wannan watan. Ruwan saman da ke sauka a nan a shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba. Sunan wurin na farko ma Tyson's Wells, wato rijiyoyin Tyson, domin rijiya ce ta fara tsayar da matafiya a nan.

Wurin da ake sayar da ruwa muka fara nufa, muka bi layi a bayan tireloli shida ko bakwai. A wannan layin na fara karatu. Famfuna iri biyu ne a wurin. Ɗaya yana kusa da ramin da ake juye tankin bahaya, da allo a jikinsa cewa ba na sha ba ne, na ɗauraye bututun ƙazanta ne. Ɗayan yana can gaba, nesa da ramin. Ko da ruwan famfon farko daga tushe ɗaya yake da na biyu, bakin tiyonsa ya sha shiga inda bai kamata ba, kuma wannan kaɗai ya isa. Yaya ya ja ɗansa ya nuna masa allon, ya sa shi ya karanta da ƙarfi.

Sai ya buɗe akwati ya fito da farin tiyo, wanda aka naɗe aka haɗa bakinsa biyu wuri ɗaya don kada ƙura ko ƙwaro su shiga. Wannan tiyon ba ya taɓa komai sai ruwan sha. Koren tiyon ban-ruwan lambu ba a yi shi don sha ba, yana sa wa ruwa warin roba, wani ma akwai dalma a ƙarfen bakinsa. Ya goge bakin famfon da ruwan bilic, ya ɗaura matacin ruwa mai kama da doguwar kwalba, ya bar ruwan ya ɗan zuba a ƙasa har ya washe, sannan ya nufi tirela.

A jikin tirelar ƙofofin ruwa biyu ne, kuma baƙo yana iya rikita su. Ɗaya mai zare ce, ana murɗa mata tiyo. Wannan kai tsaye take kai ruwa famfunan ciki da ƙarfin ruwan gari, ba ta bi ta tanki. Ɗayar rami ne mai faɗi da murfi, ruwa yana gangarawa ta cikinsa zuwa tanki da nauyin kansa. Ita ce tamu. Kusa da ita akwai wata 'yar huda mai raga, ta nan iskar cikin tanki take fita yayin da ruwa yake shiga.

Ni na riƙe tiyon. Ganin layin da ke bayanmu ya sa na ce wa yaron ya buɗe famfo gaba ɗaya. Ba a yi minti biyu ba ruwa ya yi tsartuwa ya dawo waje, ya jiƙe mini hannun riga. Na ce ya cika. Yaya ya girgiza kai.

"Bai cika ba, shaƙewa ya yi. Ruwan yana shiga da saurin da iska ba ta samun hanyar fita. Rage shi rabi, ka saurara."

Muka rage, na kara kunne. Da farko ƙarar tana da zurfi, kamar ana zuba ruwa a randa babu komai, a hankali ta riƙa sirancewa, har ruwa ya ɓullo ta bututun ambaliya a ƙarƙashin tirela. Nan ma Yaya bai bari an naɗe tiyo ba. Ya shiga ciki ya kunna famfon lantarki, ya buɗe bakin ruwan zafi, ya bar shi yana tari yana tofar da iska har ruwa ya miƙe. Tukunyar dafa ruwan wanka galan 6 take ci, ga abin da bututai suke sha. Wanda bai yi haka ba zai bar wurin yana ganin tankinsa cike, da ya isa fili ya buɗe famfo sai kusan lita 25 su tafi cika tukunya da bututai. Kuma kunna wutar tukunyar babu ruwa a ciki yana ƙona ta. Muka ƙara cika gurbin da ya samu, muka biya, muka ba na baya wuri.

Na tambaye shi yaushe rabon da a wanke tankin kansa. Ya ce mako guda kafin tafiyar nan. Ma'aunin da masu tirela suke bi shi ne rubu'in kofi na bilic marar ƙamshi ga kowane galan 15, a dama shi a ruwa kafin a zuba, a cika tanki, a buɗe kowane famfo har a ji warinsa, a bar shi aƙalla awa huɗu, sannan a zubar a ɗauraye har warin ya tafi. Hankalina ya kwanta, domin da yaro muke tafe, kuma ciwon ciki a inda babu asibiti kusa ba ƙaramin abu ba ne.

Muka yi arewa 'yan mil kaɗan muka shiga hanyar Plomosa. Filin na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar kula da filaye da ake kira BLM, wadda aka kafa a 1946. Ana zama kyauta, amma kwana 14 ne iyaka. Masu son yin hunturun gaba ɗaya sukan sayi takardar izini su zauna a La Posa, kudu da gari, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma can akwai famfo da wurin juye tanki. Mu muka sauka daga kwalta muka bi tsakuwa, tirela tana rangaji, muka tsallake wata busasshiyar ƙorama, muka tsaya kusa da wani saguwaro, doguwar itaciyar nan mai ƙaya marar ganye da ke ɗaga hannuwa sama.

Da na sauka na waiwaya, sai na ga layin jiƙa a kan tsakuwa ya biyo mu tun daga ƙoramar. Girgizar hanya ta watsa ruwa cikin bututun ambaliya, da ya fara fita kuwa sai ya ci gaba da zuƙo na bayansa. Nawa muka rasa, allon ma'aunin da ke ciki ba zai faɗa ba, domin fitilu huɗu kawai gare shi: babu, sulusi, sulusi biyu, cike. Yaya bai ce komai ba. Ya durƙusa ya duba bututun, ya ce idan mun koma zai sa masa makulli, mai buɗewa lokacin cikawa. Na ji zafin ruwan nan da ya tafi a banza fiye da yadda na zata zan ji.

Kwanakin da suka biyo baya da lissafi muka yi su. Famfon lantarkin yana iya tura kusan galan 3 a minti, wato wanda ya saki shawa ya tsaya yana tunani zai iya ƙarar da tankin kafin rubu'in awa. Saboda haka wanka ya zama a jiƙa jiki, a rufe, a saɓa sabulu, a buɗe a ɗauraye. Ruwan sanyin da ke fara fitowa kafin mai zafi ya iso, bokiti muke tara wa, da shi ake kora bahaya. Kwanuka a goge su da takarda kafin su ga ruwa. Alwala da buta, ba a bakin famfo ba. Yaron ne ya fi mu riƙe doka. Ko cikin dare ya ji famfon ya yi gurnani sai ya ɗago kai: "Baffa, wa ya buɗe?"

A safiyar kwana na biyar famfon ya fara tofar da iska. Fitilar ma'auni tana nan a kan sulusi, amma tanki ya ƙare. Jarkar da na ɗauko daga gida ita ta yi mana shayi da wanke fuska.

Zaɓi biyu ne a gabanmu. Ko mu tattara komai, mu ɗage ƙafafun tirela, mu ɗaura ta mu ja zuwa gari mu dawo mu sake daidaita ta, aikin rabin yini. Ko mu bar ta a inda take mu kawo mata ruwan. Muka kwashi jarkoki huɗu masu cin galan 7 muka tafi.

Da muka cika su, Yaya ya ce akwai wanda yake so in gani. A maƙabartar garin akwai wani ɗan dala da aka gina da duwatsu, da siffar raƙumi ta ƙarfe a ƙololuwarsa. Kabarin Haji Ali ne, wanda Amurkawa suka juya sunansa ya koma Hi Jolly. A shekarun 1850 ya zo daga ƙasashen Daular Usmaniyya tare da raƙuman da sojan Amurka suka sayo don gwada su a wannan hamada, dabbar da za ta ɗauki kaya ta yi kwanaki ba ta nemi ruwa ba. Yaƙin basasa ya zo aka watsar da gwajin, shi kuwa ya zauna, ya rasu a nan a 1902. Na daɗe a tsaye. Muka yi masa addu'a, muka koma mota, jarkoki suna ƙulun-ƙulun a baya.

Wahalar tana jiranmu a sansani. Kowace jarka ta haura kilo 26, ƙofar tankin kuma tana daidai ƙirjina. Na ɗaga ta farko, Yaya ya riƙe mazurari, ruwan yana fita da gudu yana tsayawa, rabi a rami rabi a takalmanmu. Kafin ta kai rabi hannuwana sun fara rawa.

Wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai a wata ƙaramar tirela can gefe ta tako ta iso. Ta ce hunturunta da yawa a wannan fili, kuma ta daina ɗaga jarka tun da kafaɗarta ta fara ciwo. Ta sa muka matso da mota dab da tirela, muka ɗora jarkar a kan akwatin kayan aiki a bayan a-kori-kura, har gindinta ya fi ƙofar tankin tudu. Ta kawo guntun tiyo mai haske, ta cika shi da ruwa, ta toshe bakinsa da babban yatsa, ta tsoma ɗaya bakin cikin jarka har ƙasa, ta sa wanda ta toshe a ƙofar tanki ta saki. Ruwa ya kama tafiya da kansa, shiru, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

"Da ruwan ciki akan ja na rijiya," in ji Yaya a hankali. Da na fassara mata ta ce haka yake, tiyon da babu ruwa a cikinsa ba ya jan komai.

Ta kai mu ta nuna mana nata tsarin: wata babbar jakar roba mai kama da katifa da take shimfiɗawa a bayan mota ta cika a gari, da ɗan famfo mai aiki da batir da ke tura ruwan zuwa tanki. Ta kuma ja mana kunne a kan abin da ban yi tunaninsa ba. Duk ruwan da ka ƙara, in ji ta, sai ya sami inda zai je. Tankin ruwan wanka yana cika daidai yadda na tsabta yake raguwa, kuma idan ya cika ta ramin shawa yake dawowa. Muka leƙa, ai kuwa ya kusa. Ba mu yi tunanin sakin sa a ƙasa ba. Ruwan sabulu da maiƙo ne, ƙasar nan kuma ba ta samun ruwan saman da zai wanke ta, ga wasu za su zo su sauka a inda muka tashi. Muka yanke cewa bayan kwana uku dole tirelar ta je gari ko muna so ko ba ma so.

Jarkoki huɗun suka ɗauki kusan awa guda. Rana ta faɗa bayan duwatsun Dome Rock, sanyi ya sauko nan da nan. Yaron ya tsuguna kusa da tanki ya kara kunne yana sauraron ƙarar tana sirancewa, da jarka ta ƙarshe ta kusa ƙarewa ya miƙe ya karkata ta da hannu biyu don bakin tiyon ya tsotse na ƙasan.