Godiya ga ɗalibanmu na Alƙahira

Alhamdu lillahi, ni da Baba mun dawo gida lafiya daren Laraba. An yi aikin idon, kuma an dace. Mutumin da ya shekara biyu sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci, jiya da asuba da kansa ya buɗe Alƙur'aninsa. Waɗanda suka yi addu'a, da masu kiran waya, da 'yan uwan da suka haɗa kuɗin jirgi, Allah ya saka muku da alheri.

Amma yau kan wasu yara uku nake son magana, ɗaliban Azhar, biyu daga gida Najeriya, ɗaya ɗan Maraɗi. Ba dangin iya ba na baba, lambar waya kawai aka ba ni. Ƙarfe biyun dare suka tarye mu a filin jirgi, suka kama mana gida kusa da asibiti, suka zama tafintocinmu. Baba ya sha Larabcin littafi, amma na titin Masar daban ne, ko harafin jim "gim" suke ce masa. Ba don su ba, da ko maganin ɗigawa ba mu iya saye ba.

Da aka cire bandeji likita ya ce mu ƙara kwana goma. Niyyata mu yi zamanmu a ɗaki. Sai babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba, sabon ido ai bai kamata ya fara da kallon bango ba." Suka aro keken guragu, suka sayo baƙin tabarau.

Masallacin Azhar muka fara zuwa, bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Fatimiyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza tubalinsa a 970 miladiyya, aka fara Juma'a a ciki a 972. Farin dutsen tsakar masallacin har ɗaukar ido yake. Baba ya ce a tsayar da keken, ya miƙe, ya dafa wani ginshiƙi, ya yi shiru. Tun yana almajiri yake jin sunan wurin a bakin malamansa. Da suka gaya masa tun zamanin da akwai sashen da aka keɓe wa ɗalibai 'yan Barno a nan, sai hawaye. Gabana ya faɗi saboda aikin, amma ɗan Maraɗin ya riga ni, ya sa auduga mai tsabta yana share masa gefen kumatu, bai taɓa idon ba. Ban manta hannun yaron nan ba.

Washegari masallacin Amru bin Asi, na farko a ƙasar Masar, tun shekara ta 21 bayan hijira, daga nan kabarin Imam Shafi'i. A masallacin Ibnu Ɗulun, wanda aka gama a 879, matakalar hasumiyar ta waje take zagayawa. Ni na hau, su suka zauna da Baba a inuwa. A ganina ya fi ko'ina natsuwa, kuma baƙi da yawa suna tsallake shi. Ganuwar Salahuddin kuwa, da aka soma a 1176, daga samanta ana hango gari kamar a faifai.

Giza, inda dalolin Fir'aunoni suke, da sassafe suka kai mu, kafin zafi da ƙura. Babbar dalar ta haura shekara 4,500, tsawonta na asali mita 146. Baba ya ɗaga kai ya daɗe, ya ce shi da ya ga dalar gyaɗa a Kano yana saurayi ya ɗauka ya gama ganin tsibi. Mai niyyar zuwa, kada ka hau raƙumi sai kun gama ciniki. Kasuwar Khan Halili mun leƙa mun sayi carbi da turare, cunkoso ya kore mu. Daren ƙarshe muka shiga kwalekwale a Kogin Nilu.

Na yi juyin duniya su karɓi wani abu, suka ƙi. Ambulan ɗin da na cusa wa ƙaraminsu a aljihu, a jakar Baba na tsince shi da muka iso gida.

Ƙannena, jarrabawarku ta kusa kuka bar karatu saboda mu. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya yi wa iyayenku albarka, ya dawo da ku lafiya. Jama'a, ku taya ni da amin.

Masu son gaida Baba, yana zaure kullum bayan la'asar. Don Allah kada a zo da turaren wuta, likita ya hana hayaƙi.