Na je Nairobi jin labarin ƙuduji

Sanyi ne ya fara tarbata. Na baro Kano ana damina da gumi, na tarar da Nairobi a watan Yuli kowa ya sha rigar sanyi, don garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, kuma lokacin ne tsakiyar sanyinsu. Daga nan sai hanyar Thika zuwa Jami'ar Kenyatta, cikin motocin hayar da suke kira matatu, kiɗa kamar zai fasa kunne. Kwandastan bai nemi canji ba, waya kowa ya ɗaga ya biya ta M-Pesa. Tun 2007 suke da wannan tsari, har mai gasa masara a bakin titi da shi yake karɓar kuɗi.

Abin da ya kai ni shi ne semina kan ƙuduji, wannan ciyawa mai jan fure da ke shanye dawa da gero da masara tun suna ƙarƙashin ƙasa. An ce ƙarfe biyu za a fara, ƙarfe biyun kuwa aka rufe ƙofa. Babu jiran babban baƙo, babu jero sunayen manya na minti ashirin. Shugabar zaman ta faɗi sunan mai magana da taken aikinta, ta zauna.

Mai maganar ɗaliba ce mai neman digirin digirgir, kuma wallahi ta san abin da take yi. Ta nuna yadda irin ƙuduji yake kwanciya a ƙasa sama da shekara goma bai tsiro ba, sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa. A 1966 aka fara gano irin wannan sinadari, daga saiwar auduga, aka sa masa suna strigol. Audugar kuma ƙuduji ba ya iya kama ta: sai ya tsiro, ya rasa abin tsotsa, ya mutu. Dabarar da suke bi ke nan, a yaudari irin ya tsiro babu abinci, ko a samo dawar da sinadarinta ba ya tada shi sosai, kamar SRN39. Ina zaune ina tuna gonar kawuna a ƙauye, inda ake jira sai ƙuduji ya yi fure a tuge shi a zubar a bakin gona, alhali tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai.

Lokacin tambayoyi ne ya fi ba ni mamaki. Wani yaro ɗan digiri na biyu ya ɗaga hannu ya ce da wani farfesa mai furfura bai yarda da fassarar da ya yi wa jadawalin ba. Na ce a raina yau yaron nan ya gama karatu. Farfesan ya sa a mayar da majigi baya, ya duba, ya ce yaron yana da hujja, a sake gwajin. Shi ke nan, aka wuce. A wurinmu semina kotu ce. Ɗalibi zai tsaya yana rawar jiki, a kwashe rabin awa ana yi masa faɗa kan waƙafi da girman haruffa, ba a taɓa ainihin binciken ba, sannan shi zai sayo lemo da fanke da naman da alƙalan za su ci. Ba duka ba, akwai malamanmu masu tsoron Allah, amma wanda ya yi digiri na biyu a gida ya san abin da nake faɗa. A Nairobi kuwa sashen ne ya kawo shayi da madara, farfesa da ɗalibi suka bi layi ɗaya.

Su ma ba su cika ba. Magana suke ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne, kuma gaisuwarsu gajeriya ce, ba mai tambayarka gida ko gajiya. Da na ce a arewacin Najeriya har wake yana da nasa ƙudujin, kuma tashar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta daɗe tana aiki a kansa, wasu ɗaliban sai kallona suke, masara kawai suka sa a gaba.

A wurin shan shayin ne wani saurayi ya matso ya yi min sallama da Hausa tsantsa. Ɗan Maraɗi ne, yana karatu a nan. “Malam, ai ba za ku kwana a garin nan ba ku ci abincinmu ba,” in ji shi. Ya kai ni Eastleigh, unguwar Somaliyawa, muka ci shinkafa da naman akuya, ga ayaba a gefen faranti. Na zaro kuɗi ya riƙe min hannu, “Haba Malam, ku baƙinmu ne.” Ɗalibi ne fa mai lissafin kuɗin haya. Allah ya saka masa da alheri. Ugali kuwa, tuwon masara ne mai tauri da ganye a gefe, babu miyar da za ta ja shi. Na ci don kunya.

A kasuwar 'yan Masai wata mata ta ce min mayafi shilin 2,500. Ba ta san daga garin Kantin Kwari na fito ba. Na taya 600, ta riƙe baki, na juya zan tafi, muka daidaita a 800. Ba ta sa min a leda ba, don tun 2017 aka hana leda a ƙasar, kuma ana ganin bambancin a magudanan ruwa.

Daga baya muka yi doguwar tafiya zuwa Mbita, bakin tafkin Biktoriya, tashar cibiyar nazarin ƙwari ta icipe. Can ne suke shuka desmodiyam, wani tsiro dangin wake, tsakanin layukan masara ya danne ƙuduji ya kori tsutsar kara, ciyawar nefiya kuma a kewayen gona ta janye ƙwarin. Na tambaya ko zai jure ranin Kano na wata bakwai da dabbobin sake, aka ce akwai nau'in da ya fi jure fari. Kifin tafkin dai ya yi daɗi. A hanyar dawowa barci na yi ta yi har Nairobi.