Soket ɗin da ke jin umarnin waya: abin da na gani a gidana

Fitilar ƙofar gida ce ta fara jawo maganar. Baba maigadi yakan kunna ta bayan magariba, amma kashewa da safe sai ranar da Allah ya tuna masa. Sau da yawa zan fito da hantsi in tarar tana ci da rana tsaka, mitar kati kuma tana ta lissafinta. Na yi faɗa har na gaji, kuma dattijo ne da ya haife ni, faɗan ma ba ya yi mini daɗi. Wani abokin aikina ya nuna mini a wayarsa yadda yake kashe fitilun gidansa na Hotoro daga ofis, ban bari mako ya zagayo ba sai da na shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta na France Road.

Abin ɗan ƙarami ne. Ka soka shi a soket ɗin bango, ka soka filogin fitila ko wani kayan wuta a jikinsa, shi kuma ya haɗu da Wi-Fi na gida, sai ka riƙa ba shi umarni ta manhaja irin su Smart Life ko Tapo. Akwai na ɗaka, akwai na waje mai murfin roba da kaurin jiki. Na waje na saya guda biyu. Mai shagon ya fara miƙo mini wani kyakkyawa da aka shigo da shi daga Amurka, Allah ya sa na juya bayansa na karanta: wutar 120 yake ɗauka, mu kuwa tamu 230 ce, ƙafafunsa ma ba irin namu masu kai uku na Ingila ba ne. Na mayar masa.

Ranar farko na ci awa biyu ina fama, ya ƙi haɗuwa. Ashe yawancin irin waɗannan layin Wi-Fi na 2.4 kawai suke kamawa, wayata kuma tana kan layin 5 na rawutar, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi a gida. Da na gane wannan, minti biyar ya ishe ni. Sai kuma matsalar nisa: rawuta tana falo, tsakaninta da ƙofar gida bango uku na bulo da ƙyauren ƙarfe. Matsar da ita na yi kusa da taga, shi ke nan.

Fitila dai ta yi kyau, ban da abin cewa. Da farko na sa mata ƙarfe shida da rabi, sai na lura a Kano faɗuwar rana tana yawo kusan awa guda a shekara, a watan Nuwamba wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, a Yuli kuwa sai bakwai saura kaɗan. Manhajar tana da wurin da za ka ce mata ta bi faɗuwar rana da fitowarta, ka nuna mata garin da kake. Tun daga nan fitilar ke kamawa kusan tare da kiran sallar magariba. Baba ya kwana uku yana zagaya ta yana kallo, sannan ya same ni ya ce, "Alhaji, wannan abin naka, wa yake gaya masa lokaci ya yi?" Na ce masa ladanin unguwa ne. Bai yi dariya ba.

Daɗin wannan ne ya kai ni ga ganganci. Na ce tunda fitila ta bi, bari in haɗa injin da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama. Injin mai doki ɗaya ne, wato wat 750 ko kusa da haka, a jikin soket ɗin kuma an rubuta yana ɗaukar amfiya 13. Na yi lissafina na ɗan boko, na ga akwai rara mai yawa. Na sa masa minti arba'in kullum da asuba.

Ya yi wata biyu lafiya lau. Wata Asabar cikin zafin Afrilu muna Zariya wajen ɗaurin aure, maƙwabcina ya kira ni. "Maƙwabci, kana gari kuwa? Ruwan tankinka ya cika lungu, yara har wanka suke." Na buɗe waya, manhaja ta nuna mini injin a kashe yake. Na kunna na sake kashewa, ta ce an kashe. Maƙwabci ya ce shi dai ga ƙarar inji nan yana ji ta katanga. Baba kuma ya tafi ƙauye ganin gida. Sai da ƙanena ya taso daga Gyaɗi-gyaɗi da makullin gidan ya zare filogin da hannunsa. Da na dawo na tarar da gefen soket ɗin ya yi baƙi ya ɗan narke, yana warin ƙonanniyar roba, tsakar gida kuma ta zama fadama. Maman yara ba ta ce komai ba, kallon da ta yi mini ya wadatar.

Mai gyaran wutarmu ne ya warware mini. Ya ɓalle soket ɗin ya nuna mini wani ɗan akwati a ciki, bai fi kwalin ashana ba, mai 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu. Sun manne da juna kamar an yi musu walda. Ya ce, "Yallaɓai, inji ba fitila ba ne. Lokacin da zai tashi yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Kullum da asuba sai tartsatsi ya ɗan ci bakin ƙarafan nan. In kuma aka kawo wuta marar ƙarfi, injin ya fi jan wutar, ya fi zafi." Manhajar ba ƙarya ta yi mini ba, ta aika umarnin, ƙarfen ne ya kasa sakin ɗan'uwansa. Maganin da ya yi shi ne ya sa kontakta, wato makunni mai ɗaukar wuta mai nauyi, a tsakani, sabon soket ya zama ɗan aike kawai, nauyin injin yana kan kontakta. Ya kuma ƙara makunnin nan mai iyo a cikin tanki, wanda suke ce wa fulot, ruwa na cika ya yanke wutar ko da waya ta ce a ci gaba. Wannan fulot ɗin shi ya kamata in fara saya tun kafin in san wani soket.

Akwai kuma ɗauke wuta, wanda na tabbata waɗanda suka ƙera abin ba da mu suka yi tunaninsa ba. Nawa ba shi da batirin riƙe agogo. In aka ɗauke aka dawo da ita, sai ya sami intanet kafin ya san ƙarfe nawa, in rawuta ba ta tashi ba ko data ta ƙare, haka zai zauna jugum. Na mayar da rawutar kan inbata. Sannan a cikin manhajar akwai wurin zaɓar abin da zai yi in wuta ta dawo: ya kunna, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake. Na fitila na bar shi ya koma yadda yake, na injin ruwa a kashe. A duhun nan na Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako babu wuta, duk wayonsa bai tsinana komai ba, tocilan Baba ce ta yi aiki.

Ƙura ma da nata. Lambar da ke jikinsa, IP44, na ɗauka tana nufin ya gagari komai. Lamba ta biyu ta ruwa ce, 4 kuwa feshin ruwa kawai take tarewa, ta farkon kuma ba ta hana ƙura shiga, sai ta kai 5 ko 6. Bayan hunturu ɗaya na buɗe murfin na ga jan gari kwance a ramukan. Yanzu duka biyun suna cikin akwatin roba mai rufi a ƙarƙashin rumfa, bakinsu na kallon ƙasa, wayar kuma na bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, don ruwan Agusta ya ɗiga a ƙasa maimakon ya bi ta ciki.

Ribar da ban zata ba ita ce ma'aunin cin wuta da ɗaya daga cikinsu yake da shi. Shi ya tona asirin tsohuwar fitilar ƙofa mai wat 500: yunit shida take lashewa a dare guda. Ga wanda ke rukunin A na masu biyan kuɗin wuta, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, wannan ya fi naira 1,200 kullum. Na cire ta na sa ta LED mai wat 50.

Baba har yanzu yakan taso daga bencinsa in ladan ya fara kira, ya tsaya ƙarƙashin fitilar hannu a baya. In ta kama sai ya gyaɗa kai ya ɗauki butarsa.